Inda Toka Take Kuɗi

A ajinmu na nazarin aron kalmomi an koya mana cewa kalmar sabulu baƙuwa ce, daga Larabci Hausa ta aro ta. An kuma nuna mana yadda omo, wanda asalinsa sunan kayan kamfani guda ne, ya zama sunan kowane irin garin wanki a bakin Bahaushe. Duk wannan na haddace shi, har na ci maki mai kyau a kansa. Amma da a ce ranar nan wani ya tambaye ni yadda ake yin sabulun kansa, da sai dai in yi zuru.

Abin da ya kai ni ga wannan tambaya ba son ilimi ba ne, babu ce. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, farashin kome ya yi fiffike, ɗan guzurin da mahaifina yake aiko mini kuwa yana nan yadda yake. Kaftani biyu gare ni, duka farare, ga ƙurar hunturu. Sai ya zama kowane mako ina cikin shawara, ko dai ƙullin omo ko kuwa kwanon abincin dare. Ciki kuwa ba ya jin lallashi. Ran nan na tashi gabatar da takarda a gaban aji, sai na lura wata ɗaliba a layin gaba ba takardata take saurare ba, wuyan rigata take kallo. Ban san yadda na ƙarasa ba.

A daren nan na kalli wani hoton bidiyo a waya, inda wata mata ta haɗa sabulu cikin minti biyar. Kashegari na sayo soda mai ƙuna da ɗan alayyadi, na ari tukunyar dalma ta abokin zamana, na zuba sodar, na kwarara mata ruwa. Ashe kuskure biyu na tafka a lokaci guda. Ba a zuba wa soda ruwa, ita ake barbaɗawa a cikin ruwa sannu a hankali, domin haɗuwarsu zafi take haifarwa. Sannan soda da dalma ba sa ga maciji, cinye ta take yi, har ta fitar da wata iska mai kama wuta. Nan take tukunya ta ɗauki tafasa, ta yi baƙi, ruwan ya fantsamar mini a bayan hannu. Na biya kuɗin tukunya, na biya na magani. Garin neman gira na rasa ido.

Da muka sami hutu na je gida, kakata ce ta fara ganin tabon. Da ta ji labari sai ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai maigidan nan nawa, wane irin boko ne wannan? Shekara nawa kana wanka da sabulun da na dafa, ba ka taɓa tambayata ba, sai ka je ka tambayi waya?" Na ce, "Kaka, ai naki na salo ne, baƙi." Ta ce, "Da baƙin nasa aka wanke ubanka ranar suna."

Gaskiya ta faɗa. Ina yaro nakan ji kunyar wannan baƙin curi, har nakan ɓoye shi a ƙasan akwati in za ni makarantar kwana.

Kwana uku na yi ina yi mata almajiranci. Ta sa na ƙona karan gero da na dawa, muka tara tokar a wata tsohuwar ƙwarya da aka huhhuda, muka zuba ruwa yana ɗiga a kasko, muka yi ta mayar da shi har ya yi ƙarfi. Sa'an nan ta ɗora shi a tukunyar ƙasa, ta zuba man kaɗe, ta miƙo mini muciya. Ba ta da sikeli, ba ta da agogo. Da ido take gane kauri, da hanci take gane nuna. A nan ne na fahimci cewa abin da take yi da abin da na yi ƙoƙarin yi abu ɗaya ne: mai ne yake haɗuwa da abu mai kaifi irin na toka ko soda, su rikiɗa su zama sabulu. Bambancin kawai, na toka laushi gare shi, na soda kuwa yana daskarewa ya yi tauri. Ta kuma ba ni abin da bidiyon bai ba ni ba, wato haƙuri. Ta ce, "Sabulu ba ya son mai gaggawa."

Da na koma makaranta babu kara babu murhu, saboda haka na koma wa soda, amma da natsuwar Kaka da kuma sikeli. A kowane kilo ɗaya na alayyadi nakan auna soda kimanin giram 170, da ruwa ninki biyu na nauyinta. A bokitin roba nake haɗawa, a waje inda iska ke kaɗawa, da safar roba a hannu. In ruwan sodar ya huce sai in tsiyaya shi cikin man, in yi ta juyawa har ya yi kaurin kunu, in zuba a kwali mai shimfiɗar leda. Bayan kwana biyu a yanka, a bar shi mako huɗu ya sha iska. Mai son gari sai ya goge shi a magogi, ya shanya.

Kada mai karatu ya zaci arziki na yi. Alayyadi ma ba araha gare shi ba, kuma mutum ɗaya in ya saya kaɗan-kaɗan ribar ba ta taka kara ta karya ba. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayi galan, shi ya ishe mu zango guda, kuma abin da kowa ya kashe bai kai rabin na da ba. Wannan ragowar ita ce abincin darena.

Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take kuɗi. Ni ban ƙona rumbu ba, tukunyar mutane na ƙona, amma na gano wurin. Abin da yake damuna yanzu shi ne, a duk unguwarmu Kaka kaɗai ta rage mai wannan sana'a, ga shi ƙarfinta ya fara ja baya. Mu da muke zana jarrabawa a kan sana'o'in gargajiya, da yawanmu ba mu taɓa zama gaban mai sana'ar ba, alhali tana cikin gidanmu. Na riga na sayi sabon littafin rubutu, kuma hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, a gindin murhunta zan yi shi. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa in same ta.