Lambar oktan: tun a wajen dillalin mota ake zaɓen mai

Na sha jin abokan aikina a jami'a suna cewa fetur mai babbar lamba ya fi ƙarfi, ya fi sa mota gudu. Wannan fahimta tana buƙatar gyara. Lambar oktan tana nuna juriyar mai ne ga matsi da zafi a cikin inji, wato yadda zai ƙone a tsanake bayan fulogi ya ba shi wuta, ba tare da wani sashe nasa ya fashe da kansa ba. Wannan fashewa ita ce ƙwanƙwasar da direba ke ji idan ya hau tudu da kaya, kuma idan ta daɗe takan lalata fistin.

Abin da ke rikita mutane shi ne ma'aunin ba ɗaya ba ne. A Amurka ana rubuta 87 ko 89 ko 93 a jikin famfo, a Turai kuwa 95 ko 98, bisa ma'aunin da ake kira RON. Lamba 87 ta Amurka ta yi kusan daidai da 91 a RON, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'idar Najeriya ta gindaya. Saboda haka mai Corolla ko Camry tokumbo daga Amurka, wadda littafinta ya ce 87, bai da abin damuwa. Zuba mata ruwan kwalbar nan mai “ƙara oktan” asarar kuɗi ce kawai.

Matsalar tana ga motocin da aka ƙera don 95, musamman na Jamus masu turbo. Na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa takan sa kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin fulogi domin kare inji, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wannan ƙari ba ƙaramin nauyi ba ne a kan mai albashi.

Galibin gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, don haka babu zaɓin da ya rage a bakin famfo. Shi ya sa duk ɗalibi ko abokin aikin da ya nemi shawarata kan sayen mota, nakan ce masa kafin ya fara ciniki ya buɗe murfin tanki ko littafin motar, ya karanta lambar da masu ƙera ta suka rubuta. Idan ya ga 95 a matsayin mafi ƙaranci, to ya yi lissafin aljihunsa tukuna.