Intanship a matakin mastas: sashenku ne ke ba da kiredit, ba ofishin da ka yi aiki ba

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Tun da na gama horon sanin makamar aiki na wata uku a zangon da ya wuce, tambaya iri ɗaya ake ta yi min: ya aka yi ka samu wuri, kuma ya aka yi ya shiga sakamakonka? To na ga gara in amsa sau ɗaya kowa ya amfana.

Abin da ke rikita mu shi ne SIWES. A digirin farko mun saba komai a shirye yake. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, ita ce ta fito da shirin tun farkon shekarun 1970, akwai ofishinsa a jami'a, akwai logbuk, akwai malamin da zai zo duba ka, kuma a yawancin kwasa-kwasan wata shida ake yi. A mastas babu wannan gatan. SIWES bai haɗa da mu ba. Ko dai manhajarku tana da kwas na aikin fili mai lambarsa da kiredit ɗinsa, ko kuma babu. In babu, ko shekara ka yi a ofishi mafi girma a garin nan, ka ƙaru da ilimi kam, CV ɗinka ya yi kyau, amma takardar sakamakonka ba za ta nuna komai ba.

Dalili kuwa shi ne kiredit yana da ma'auni. A tsarin hukumar NUC, kiredit ɗaya daidai yake da lacca ta awa ɗaya a mako har tsawon mako 15, ko kuma awa uku na aikin gwaji a mako. Majalisar jami'a ce ke amincewa da kowane kwas da adadin kiredit ɗinsa. Shugaban ƙungiyar da ka yi wa aiki, komai girman muƙaminsa, bai da ikon ƙara maka ko rabin kiredit. Shi nasa ya koya maka aiki ya rubuta rahoto a kanka. Maki na malamanku ne.

Akwai shirye-shiryen da aka gina su a kan aikin fili tun daga tushe. Misali NFELTP, shirin horar da masu bin diddigin annoba da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Shekara biyu ake yi, kuma mafi yawan lokacin a fili ake cinye shi. Shirye-shirye irin su lafiyar al'umma, kula da bala'o'i, aikin jin daɗin jama'a da ba da shawara a fannin ilimi su ma sau da yawa za ka tarar da kwas na aikin fili a ciki. Amma mai mastas na bincike zalla, yawanci kwasa-kwasai ne, semina, sai kundin bincike. Saboda haka matakin farko ba neman wuri ba ne. Ka nemi littafin ƙa'idojin makarantar karatun gaba da digiri, ka buɗe shafin sashenku, ka gani da idonka. Kar ka dogara da "an ce" na guruf ɗin WhatsApp.

Wani abokina da ke mastas a wata jiha ya samu wuri a wata ƙungiya ta hanyar ɗan uwansa, ya fara aiki washegari. Wata shida yana fita ƙauyuka, yana tattara bayanai, har ya fi wasu ma'aikatan ƙoƙari. Da ya kawo takardar shaida sashensu, sai aka tambaye shi abu uku: ka yi rajistar kwas ɗin a wannan zangon? Wane malami aka haɗa ka da shi? Ina wasiƙar da sashe ya tura ka da ita? Ko ɗaya babu. Dole ya jira shekara ta zagayo ya sake. Ga ƙarin kuɗin makaranta, ga aure da aka sa masa rana. Wallahi ya ba ni tausayi, don ba ragwanci ne ya ja masa ba, tsarin ne bai sani ba.

Ni a Fezzan na tashi, tsohuwar unguwa a tsakiyar Yerwa wadda ta samo sunanta daga yankin Fezzan na ƙasar Libiya, ta dalilin fataken da suka ratso Sahara. Duk ɗan unguwar 'yan kasuwa ya san yadda ake kai yaro koyon ciniki a Kasuwar Monday. Uba ba ya tura ɗansa shago haka kawai. Sai ya je ya zauna da ubangidan, an yi magana a gaban shaidu: shekara nawa, me zai koya, yaya za a sallame shi. Tun ran gini tun ran zane. Haka intanship mai kiredit yake. Sashenku shi ne uban, ƙungiyar ita ce ubangidan, kuma dole maganar ta ƙullu kafin ka fara.

Ga yadda na bi, ɗaya bayan ɗaya. Na fara da kodinetan mastas na sashenmu, na tambayi a wane zango ake kwas ɗin, mako nawa ake buƙata, da irin wuraren da suke amincewa da su. Na yi rajistar kwas ɗin, na ajiye kwafin fom mai sa hannu. Daga nan na karɓi wasiƙar gabatarwa a kan takardar sashe mai hatimi, ɗauke da sunana, lambar rajistata da tsawon lokacin. Na rubuta shafi ɗaya na abin da nake son koya da abin da zan iya yi musu. Da suka karɓe ni, na roƙi wasiƙar amincewa mai kwanan watan farawa da gamawa da sunan wanda zai kula da ni, na mayar wa sashe. Sai da aka haɗa ni da malami mai dubawa sannan na fara fita. Kullum in rubuta aikin ranar a logbuk, duk Alhamis in kai a sa hannu, don in ka tara sai ƙarshe, mai sa hannun yana iya tafiya hutu ko kwantiraginsa ya ƙare.

Sai maganar cancanta a ɓangaren masu ɗauka. Kowace ƙungiya da sharaɗinta, amma kusan duka abu ɗaya suke fara dubawa: kai ɗalibi ne yanzu, ko kuwa ba ka daɗe da gamawa ba? UNDP tana karɓar wanda ke kan karatun gaba da digiri, ko wanda zai fara cikin shekara ɗaya da kammalawa, kuma tun 2020 take ba da ɗan alawus. UNICEF tana karɓar ɗalibi ko wanda ya gama cikin shekara biyu, daga mako 6 zuwa 26, ita ma da alawus, sannan in mahaifinka ko ɗan uwanka na jini yana aiki da su, ba ka cancanta ba. A ofisoshin sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa wata biyu zuwa shida ne, ta shafin Inspira ake nema, kuma ba a biya. Duk waɗannan a intanet ake cikewa. Majalisar ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutum. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na "gyara suna", ɗan damfara ne, ko da hotonsa na sanye da rigar ƙungiya.

Kun ga kenan katin ɗalibi da shaidar rajistar bana suna da daraja fiye da yadda muke ɗauka. Mu da muka ga yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, mun san kalandar karatu tana iya gocewa. In zangon aikin filinku ya matsa, ka rubuta wa ƙungiyar da wuri, ka nemi sabuwar wasiƙa mai sabon kwanan wata. Ranakun da ke wasiƙar su dace da zangon da ka yi rajista.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce wurare sun yi ƙaranci. Shekaru kusan goma Maiduguri cike take da ƙungiyoyin agaji, har kowa ya ɗauka in ba farar mota mai tambari ba, ba intanship ba ne. Tun da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, aka kuma rushe USAID, ofisoshi da dama sun rage ma'aikata. Wanda ke da shekara biyar na gogewa ma yana neman abin da kake nema. To mu faɗaɗa tunani. Akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, akwai Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, akwai hukumar NEDC mai hedikwata a nan garin, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ga SEMA da ma'aikatun jiha, ga ƙananan ƙungiyoyin 'yan gida. Bayan ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumbar 2024, duk mai karatun ruwa, lafiya, tsara birni ko muhalli yana da abin koyo a ƙofar gidansu. A ƙaramin wuri ma an fi ba ka aiki na gaske, saboda hannu bai ishe su ba. Kiredit ɗin kuma iri ɗaya ne.

Kuɗi ma a yi lissafinsu tun farko. Daga Fezzan keke biyu nake hawa zuwa wurin aiki, biyu dawowa, ranar semina kuma in wuce hanyar Bama. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kun san yadda kuɗin keke ya koma. Ga data, ga abincin rana, ga buga rahoto. Wanda ake ba shi daga gida ba zai ji ba, amma mai koyarwa a makarantar kuɗi da safe, ko 'yar uwa mai goyo, wata uku babu albashi ba wasa ba ne. Ni na nemi su bar ni kwana uku a mako da tsawaita lokaci, sashe ya amince a rubuce tunda awannin sun cika. In ma'aikacin gwamnati ne kai, ka tambaya ko za a yarda ka yi a wani ɓangare na ma'aikatarku. Matambayi ba ya ɓata.

Abu biyu na ƙarshe. Na ɗaya, kar ka raina abin da kake da shi. Jin Kanuri, Shuwa, Babur ko Margi ƙwarewa ce, ka rubuta ta a CV. Ka haɗa da Excel da KoboToolbox, a waya ma ana koyon na biyun. Na biyu, bayanan da ka tattara wa ƙungiya ba naka ba ne. In kana so su shiga kundin bincikenka, sai da izininsu a rubuce da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Mutanen da suka ba ka labarinsu 'yan uwanmu ne da rikici ya raba da garuruwansu, amana suka ba ka.

Roƙona ga waɗanda suka riga mu: mu daina ɓoye sanarwa. Yawancinmu mu ne na farko a gidajenmu da suka kai wannan matakin, babu yaya ko kawu da zai nuna mana hanya. In ka gama a wuri lafiya, ka gaya wa kodineta wurin na da kyau, ka bar ƙofa a buɗe ga na bayanka. 'Yan sabon shiga kuma, makon nan ku buɗe littafin ƙa'idoji ku duba ko kwas ɗin yana cikin manhajarku. Wanda ke son ganin samfurin shafin da na rubuta musu ya yi min magana, zan turo.

Allah Ya sa albarka a karatunmu, Ya ba mu abin yi na halal.