Sharon, Siyana, Hiyas: Wace ce Motar Iyali a Hausa?

Akwai wata irin mota da har yau ba mu tsai da mata suna ɗaya a Hausa ba, alhali kullum muna cikinta. Ta fi ƙaramar mota girma, ba ta kai bas ba, tana da kujeru layi uku, wasu kuma ƙofarsu ta gefe ja ake yi. Amurkawa na ce mata minivan, wato ƙaramar motar ɗaukar jama'a da kaya, Faransawa kuma monospace, saboda daga direba har kaya duk a ɗaki guda suke. Mu a Kwaya, da sauran garuruwan Magariya da Dungas, sunan da masu ƙira suka raɗa mata muke kamawa mu lanƙwasa shi yadda bakinmu zai iya.

Wanda ya ce ya hau sharon daga Maigatari, ana nufin Volkswagen Sharan, wadda aka fara ƙerawa a 1995 a ƙasar Fotugal. Amma sunan ya wuce mai shi. Ford Galaxy ta farko da SEAT Alhambra, waɗanda masana'anta ɗaya ta fitar da su tare da ita, duk sharon ce a tasha. Siyana kuwa Toyota Sienna ce, ƙirar Amurka tun 1997. Hiyas ita ce Toyota HiAce, wadda ta girme su duka, don tun 1967 take. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka hayis suke cewa, domin ta bakin Ingilishi sunan ya zo musu, mu kuma ta bakin Faransanci. Haka abin rubutu ya zama biro a Kano, bik a Damagaram. Haka kowane garin wanki ya zama omo, kowane ɗanɗanon miya ya zama magi.

Ni malamin lakwal ne, shi ya sa maganar ta dame ni. Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, nake ƙara jin malamai na tambayar juna: wannan abu yaya za mu ce da shi a aji? Na taɓa nuna wa ɗalibaina hoton irin wannan mota a wani littafin karatu na Faransanci. Uba na tuƙi, uwa na gefensa, yara biyu a baya, kare a bayansu. Na ce su faɗi abin da suka gani. Wani ya ce sharon ce. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, ai ba ta cika ba, me ya sa ta tashi?" Aji ya fashe da dariya, amma yarinyar ta faɗi gaskiyar abin da idonta ya saba gani.

Tambayarta ce ta nuna mini inda ma'anar ta rabu. Masu ƙera wannan mota iyali suka nufa da ita. Lokacin da kamfanin Chrysler ya fito da tasa a ƙarshen 1983, Renault kuma ya biyo da Espace a 1984, tunaninsu magidanci ne mai kai 'ya'ya makaranta da safe, ya biya kanti, ya koma gida. Kujera bakwai, mutum bakwai. Kafin ta iso mu, ta gama aikin nan a can, an sayar da ita gwanjo, ta sha ruwan teku, ta sauka a Kwatano ko Legas. Tana shigowa sai ta canza sana'a. A sa biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, huɗu a baya, yara a cinya ba a lissafa su, but a buɗe an ɗaure buhun gero da igiya. Ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari har akuya kan samu wuri.

Shi ya sa fassarar "motar iyali" ba ta zauna mini daidai ba. Bahaushe aikin mota yake duba kafin siffarta. Tuni muna da rabonmu: motar gida da motar haya. Siyanar da Alhaji ya ajiye a zaure don kai iyali suna da biki motar gida ce. Ranar da ya miƙa makullinta ga direba ya ce ya riƙa kawo balas, ta zama motar haya, ko fenti ba a sake mata ba. Ita ma motar gidan ba ta mai gida kaɗai ba ce. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare, ƙofarsa za a buga a kai ta asibitin Magariya. Za a kai amarya, ita ce. An yi rasuwa a ƙauyen gaba, ita ce. Iyalin da Bature ya auna ya yi wa kujera bakwai ba irin namu ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwa a Nijar ya kai 7.6 ga kowace mace, ban da kaka da 'ya'yan riƙo da baƙon da ya kwana.

Wasu abokan aiki na cewa a kori waɗannan sunaye daga aji, wai kayan aro ba ya rufe katara. Ban yarda ba. Mota kanta aro ce, tasha aro ce, direba aro ne, ba wanda ke jin su baƙi a yau. Kalmar da tsohuwa ta gane, ɗan kamasho ya gane, yaro ya gane, ta riga ta zama tamu. Idan muka ƙirƙiro wata doguwar kalma a kan allo wadda ba mai faɗinta a tasha, yaro zai haddace ta don jarrabawa, ya koma gida ya ce sharon.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ba su hawa uku. Na farko sunan tasha: sharon, siyana, hiyas, a rubuta su da baƙaƙen Hausa yadda ake faɗi. Na biyu bayani: mota mai kujeru layi uku. Na uku aiki: ta gida ce ko ta haya. Daga nan sai in faɗa musu yadda Faransanci da Ingilishi ke kiranta, su san cewa kowane harshe da abin da ya duba kafin ya raɗa suna.

Ga iyaye kuwa, akwai abin da ya fi kalma nauyi. Idan mun ce sharon, a ranmu mota ce mai cin mutum goma. Wanda ya ƙera ta, da birkinta da tayoyinta, bakwai ya lissafa. Kowace kujera da bel ɗinta, yaron da ke kan cinya kuwa ba shi da ko ɗaya. Na san kuɗin mota ba wasa ba ne, kuma ba kullum ake da zaɓi ba. Amma idan za a tura yaro Damagaram karatu ko jarrabawa, wanda Allah ya hore wa ya biya masa kujera cikakkiya, a kuma guji motar da lodi ya kwantar da bayanta. Rigakafi ya fi magani.

Malamai 'yan'uwa, ku gaya mini yadda ake kiranta a garuruwanku. Ina tattara sunayen ne don ɗalibaina na bana.