Wadda ake ce wa "ba ta aikin komi"

Idan ana cika takarda a ofis aka zo kan sana'ar mace, sau da yawa miji ne ke amsawa: "Ba ta aikin komi, tana gida." Magana ce gajera, amma ta ci haƙƙin mata masu yawa, musamman a ƙasar Adar.

A duba wata uwar ɗiya a Badagishiri, cikin gundumar Illela. Da an gama girbin hatsi, maigidanta zai bi sahun ƴan bida zuwa Abijan, Legas ko Libiya, ba ya dawowa sai damina ta gabato, wani lokaci ma sai shekara ta zagayo. Duk tsawon wannan lokaci ita ce gidan. Tun asuba tana bakin rijiya, hantsi ya same ta bisa turmi, ita ke neman itace, ita ke kiwon tumaki. Ita ke auna abin da ya rage a rumbu, ta raba shi yadda zai kai iyali ga sabon hatsi. In zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, ita ke goya shi zuwa likita, in abin ya yi tsanani har asibitin Galmi.

Ɗan kasuwa ya san lissafi, to ya ɗauki alƙalami. Ya sa kuɗin ɗan ga-ruwa na wata guda, da na mai wanki, da na mai daka da girki, da na mai reno, da na mai jinyar tsohuwa. Jimlar za ta ba shi kunya. Amma mai yin waɗannan ayyuka duka ba ta da albashi, ba ta da hutun shekara, ba ta da fansho.

Shekarun wahala ne suka fi nuna darajarta. A yunwar 1984 da ta 2005, da kuma lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, gidaje da yawa sun tsaya ne bisa dabarar mata: akuyar da aka sayar ranar kasuwa, kuɗin adashi, ƙosai da ƙuli-ƙulin da yara ke kaiwa talla, da ganyen da ake cakuɗawa da ɗan gari don tukunya ta cika.

Ranar 13 ga Mayu 1991 mata sun yi jerin gwano a Yamai suna neman a ba su wuri a shirin taron ƙasa, abin da ya sa ranar ta zama ta matan Nijar. Haƙƙinsu ne, kuma babu mai rena malamar lakwal ko ungozoma. Sai dai mafi yawan masu riƙe da ofis da kanti a yau, a hannun macen da ba ta taɓa karɓar albashi ba suka tashi.

Yabon baki bai isa ba. Mai tafiya bida ya bar mata ikon rumbu, ya riƙa aiko da kuɗi a hannunta. Ma'aikaci ya shawarce ta kafin ya kashe albashinsa. A kuma bar ɗiya mace ta yi karatu, domin uwar da ke iya karanta takardar magani da sakamakon jarrabawar ɗanta ta fi iya riƙon gida.