An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Mai karatu, ka taɓa lura cewa wanda ya ɓata maka rai da safe ba shi kake yi wa tsawa da daddare ba? Ubangidanka ya ci zarafinka a bainar jama'a, ka haɗiye, ka ce masa ba komai. Ka isa gida, yaro ya zubar da ruwa a tabarma, sai ka sauke masa duk abin da ka ɗauko. Hausawa sun daɗe da sanin wannan hali, shi ya sa suke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Aikin harhaɗa magunguna ya zaunar da ni inda ake yawan dukan taikin. Tagar magani ita ce zangon ƙarshe a asibiti. Kafin majinyaci ya iso gabana ya sha layi, ya ji sakamakon da bai so ji ba, aljihunsa kuma ya yi sauƙi. Ba zai ɗaga wa likita murya ba, sai ni. Na fi ganin haka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, lokacin da aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. 'Yan kasuwar da abincinsu ke tsakanin Illela da Birnin Konni suka wayi gari ba ciniki, ba kuma wanda za su tuhuma ido da ido. Fushin sai ya koma gidaje, masu neman maganin ciwon kai da na barci suka yawaita a tagata.

Jiki ba ya tambayar wa ya yi laifi. Da ranka ya ɓaci, sinadarin adiranalin yakan kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, awon jini ya hau. Wani nazari da masana daga Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar a 2014 ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau biyar cikin awa biyu bayan mummunan fushi, na shanyewar ɓarin jiki kuma fiye da sau uku. Idan awonka ya saba kaiwa 140/90 ko ya wuce, wannan magana taka ce.

A nan ne nake roƙonka ka bambanta haƙuri da ƙunshe baƙin ciki. Mai haƙuri ya yafe, zuciyarsa ta huta. Mai ƙunshewa ya yi shiru ne don kunya ko tsoro, wutar na nan tana ci.

Wata kaka na shiga cikin 'yan sa-kai a bikin kalankuwa na wani ƙauye kusa da Illela, ina riƙe da akwatin agajin gaggawa. Makaɗa na tsaka da wasa, wani abokin aikinmu ya rufe wata yarinya mai tallar fura da faɗa don ta tsaya a hanya, har ta yi kuka. Ashe kwana uku yana jigilar kujeru da babur ɗinsa, shugaban shirya bikin bai ba shi kuɗin man da ya yi alkawari ba, shi kuma yana jin nauyinsa don sa'an mahaifinsa ne. Da aka tashi, wani dattijo a cikinmu ya haɗa su a gefe. Saurayin ya ce, "Baba, na yi ta jiran kuɗin man nan, abin ya dame ni." Shugaban ya ce, "Ɗana, wallahi mantuwa ce." Ya biya nan take. Saurayin ya nemo yarinyar ya saye sauran furarta, muka zauna gaba ɗaya muka sha, aka kawo tsire, mai kalangu ya yi mana kiɗan sallama. Maganar da ya yi kwana uku yana gudu ba ta ɗauki minti biyu ba.

Saboda haka, idan ka ji zuciya ta taso, ka fara da tambayar kanka: wa nake fushi da shi a gaskiya? Ka tashi daga wurin, ka ja numfashi a hankali har jikinka ya lafa. Sannan ka nemi mutumin a keɓe, ka faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ka, ba zagi ba gori. In ya girme ka, ka je da dattijon da yake jin maganarsa. Ladabi bai hana faɗin gaskiya ba.

Kada ka nemi mafita a kantin magani. Diazepam da tiramadol ba sa warware saɓani, sabo suke jawowa. Yawan shan ibuprofen ko diclofenac don ciwon kai yana iya ƙara hawan jini, ya kuma raunata ciki da ƙoda. In kana kan maganin hawan jini, kada ɓacin rai ya sa ka daina sha. In kuwa fushi ya zo da ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, a garzaya asibiti nan da nan.

Matarka da 'ya'yanka ba su ne suka ɓata maka ba. Ka kai maganar inda ta dace, su kuma ka shigo musu da sallama. Allah Ya ƙara mana lafiya.