Pil mai caji

Radiyo da cocila su ne ke cinye kuɗin pil a gidana. Shi ya sa na koma ga pil mai caji. Yana da tsada ranar saye, amma ana iya sake cika shi sau ɗaruruwa.

Sai dai a kasuwa pil duka kamarsu ɗaya. Ni ba na jin bakin mai tebur, jikin pil nake karantawa. Mai caji, galibi an rubuta mishi NiMH da 1,2 V. Wanda ba ya caji, 1,5 V ne. Wannan na biyu, kar ka kuskura ka sa shi cikin caja. Yana iya zubar da ruwa mai cin fata, ko ma ya fashe.

Caja ita ma a duba ta. Na fi son wadda ke tsayawa da kanta in pil ya cika. Mai araha ba ta san ƙoshi ba, ɗura kuran kawai take yi har pil ya lalace. In za ka sa pil, dubi alamar + da -, kowace ta dace da tata.

Ga kuma zafin ƙasarmu. Ba na caji cikin rana ko bisa katifa. Ƙasa nake ajewa, cikin inuwa, nesa da yara. Ɗan ɗumi ba komi ba ne. Amma in pil ya yi zafin da hannu bai iya riƙewa, ko ya kumbura, cire caja daga kuran nan take. Kuma kar a jefa mataccen pil cikin murhu.