Yaron gareji da rubutun Japan

A zangon Djougou akwai wani yaro ɗan shekara 11. Da safe yana zuwa lakwal, da yamma yana taya kawunsa aiki a garejin gyaran babura. Kullum yana karanta sunayen da ke jikin tankin mai: Honda, Yamaha, Suzuki. Wata rana aka kawo kwalin kayan gyara. A jikinsa akwai wani rubutu, ba boko ba ne, ba ajami ba ne. Yaron ya juya kwalin sama, ya juya ƙasa, bai ma gane inda ake farawa ba.

Ya ce, "Kawu, wannan rubutun su wane ne?"

Kawu ya ce, "Na mutanen Japan ne. Miƙo mini sifana, ka rabu da abin da ba zai ba ka tuwo ba."

Yaron ya yi shiru, amma ya yage gefen kwalin ya sa a aljihu.

Da aka yi hutu, sai ya tafi Parakou wurin yayansa, tafiyar kilomita fiye da 130. Yayan ya taɓa koyon Japananci a Kwatano, a makarantar da Zomahoun Rufin ya buɗe a 2003. Zomahoun ɗan Benin ne, an haife shi a Dassa-Zoumé a 1964. Ya yi karatu a ƙasar Sin, sannan ya tafi Japan a 1994, inda ya yi suna a talabijin. Da kuɗin da ya samu ya gina makarantun firamare a arewacin Benin.

Yaya ya duba guntun kwalin, ya ce, "Ƙanena, rubutu iri uku ne a nan. Na farko hiragana, haruffa 46. Na biyu katakana, shi ma 46, da shi suke rubuta kalmomin baƙi. Na uku kanji, wanda suka aro daga Sin. Yaran Japan suna koyon kanji 80 a ajin farko, kafin su gama shekara 6 sun koyi 1,026."

Gaban yaron ya faɗi. Shi da har yanzu yake shan wahalar rubutun Faransanci!

Yaya ya yi dariya, ya ɗauko alli ya rubuta haruffa 5 kawai a ƙyauren ɗaki: あ い う え お. Ya ce, "Faɗi: a, i, u, e, o."

Yaron ya faɗa. Sai ya ji ai wasulan Hausa ne, ba daɗi ba ragi. Gobe suka yi ka, ki, ku, ke, ko, domin a hiragana kowane harafi gaɓa guda ne. Jibi suka yi sa, shi, su, se, so.

A nan ne yaron ya gano cewa kunnensa ya riga hannunsa sanin hanya. Mutanen Japan suna ce wa gwaggo obasan, kaka kuma obaasan. Jan wasali kaɗai ya raba su. Wanda ya kira gwaggo da sunan kaka kuwa, ya ja wa kansa harara. Amma Bahaushe ba ya ruɗewa a nan, tun da ya san bambancin gari da ake zama ciki da gari na tuwo. Ko a rubuce iri ɗaya suke, baki ya san wanda ake ja.

Hannu ne ya sha wuya. Harafin あ da お suna kama, ぬ da め kuwa kamar tagwaye suke. Kowane harafi yana da layin da ake fara ja da wanda ake ƙarewa da shi. Ranar 6 yaron ya rikita su duka, ya jefar da alli, ya ce kansa ba ya ja. Yaya bai yi masa faɗa ba. Ya goge ƙyauren, ya mayar da shi kan 5 na farko. Kafin hutu ya ƙare ya riƙe hiragana 30, da gaisuwar rana, konnichiwa, da godiya, arigatoo, da kanji guda ɗaya tak.

Da ya koma Djougou, ya ajiye guntun kwalin a gaban kawunsa. Ya nuna masa wani harafi mai kusurwa huɗu da aka raba gida huɗu: 田.

"Kawu, wannan gonar shinkafa ce. Dubi kunyoyinta. Ita ce 'da' ta ƙarshen sunan Honda."

Kawu ya goge hannunsa da tsumma, ya duba harafin, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, "To, rubuta mini sunana."

Yaron ya sosa kai. Sunan baƙo da katakana ake rubuta shi, shi kuwa bai kai can ba tukuna.

"Sai hutu mai zuwa, Kawu."

Kawu ya yago wani babban kwali mai tsabta, ya sa shi a bayan akwatin sifanu inda baƙin mai ba zai taɓa shi ba.